Aro a Ɗebewa: A Fara da Ƙullin Tsinke Kafin Alƙalami

Ba yaro 62 − 28 ka duba abin da zai rubuta. Amsar daidai 34 ce. In ya kawo 46, to ƙaramar lamba yake cirewa daga babba a kowane gida, ba ruwansa da wadda ke sama: 2 daga 8 saura 6, 2 daga 6 saura 4. In kuwa 44 ya kawo, ya ari goman, amma bai rage gidan da ya aro daga ciki ba, shi ya sa amsar ta haura da goma cif. Matsaloli biyu ne daban, kowace da gyaranta. Kada a gwada yaro da 52 − 27 in ana son gano wacce ke damunsa, domin kurakuran biyu duk 35 suke bayarwa.

Tushensu dai ɗaya ne. Yaron yana ganin 62 a matsayin 6 da 2 zaune kusa da juna, bai ga goma shida da ɗaiɗai biyu ba. Wanda bai ga haka ba, duk ƙa'idar "soke wannan, rubuta wancan" da aka haddatar masa ba za ta zauna ba.

Don haka a ajiye alƙalami tukuna. A samo tsinkaye kamar ɗari da ashirin da 'yan robobi, yaron da kansa ya ƙirga goma-goma ya ɗaure. A ja layi a raba takarda gida biyu, gomomi a hagu, ɗaiɗai a dama. Ya ajiye ƙulli shida da tsinke biyu. Lambar sama kaɗai ake shimfiɗawa. 28 ba a ajiye ta, ita ce za a kwashe. Yara da yawa kan ajiye duka biyun saboda haka suka saba a tarawa, daga nan sai lissafi ya rikice.

Ce masa ya ba ka tsinke takwas. Zai ga biyu ne kawai a warware. A nan malami ya yi haƙuri ya kame bakinsa, domin wannan ɗan jinkirin shi ne darasin. In yaron ya miƙa hannu ya kwance ƙulli ɗaya da kansa, ya gane aro. Yanzu gomomi biyar ne, ɗaiɗai goma sha biyu. Kafin ya cire komai, tambaye shi: tsinke nawa ne duka a gabanka? Dole ya tabbatar cewa har yanzu 62 ne, 50 da 12, ba abin da ya ƙaru, ba abin da ya ragu. Sannan ya cire 8 daga 12, saura 4, ya cire ƙulli 2 daga 5, saura 3.

Rubutu ya biyo baya, kafaɗa da kafaɗa da hannu. Ya kwance ƙulli, nan take ya soke 6 ya rubuta 5. Ya zuba tsinkayen a dama, ya mai da 2 ta zama 12. A riƙa soke ta hagu kafin a taɓa ta dama, wannan tsarin kaɗai yana kawar da yawancin mantuwar ragewa. Kuma a guji cewa "ba a cire babba daga ƙarami", domin nan gaba zai haɗu da lambobin da ke ƙasa da sifili. "Ɗaiɗai ɗin ba su isa ba" ya wadatar, kuma gaskiya ce.

Inda aka fi shan wuya shi ne sifili a tsakiya, kamar 403 − 157. Ɗaiɗai uku ba su isa a cire bakwai ba, gidan goma kuma wayam. Sai a je gidan ɗari a kwance ɗari ɗaya, ya zama ƙulli goma: ɗari uku, gomomi goma, ɗaiɗai uku. Sai a sake kwance ƙulli ɗaya daga goman nan: ɗari uku, gomomi tara, ɗaiɗai sha uku. Kwancewa biyu ce, ba ɗaya ba. Amsa 246. Yaron da ya kawo 256 galibi ya mai da sifilin 10 ya bar shi a haka, bai mai da shi 9 ba. Wanda kuma aka ce masa kawai "sifili yana zama tara" zai yi ta sa 9 har inda ba ta da gurbi. Ga wanda ya fara ƙwarewa akwai hanya mafi sauƙi: 403 gomomi 40 ne da 3, a ɗauki ɗaya daga 40 saura 39. Haka ma 5000 − 1374, gomomi 500 su koma 499, ɗaiɗai su zama 10, a sami 3626 ba tare da soke-soke barkatai ba.

In lambobin ba tsawonsu ɗaya ba, kamar 345 − 28, a jera su daga dama. Takarda mai gida-gida tana hana su karkacewa.

In kuma yaro yana tsayawa ƙirga yatsu a kan 13 − 7 ko 15 − 8, ba aro ne ke ba shi wuya ba. Ƙananan ɗebewa ne, har zuwa 18 − 9, ba su zauna masa ba. Minti biyar a kullum a kansu ya fi shafi guda na manyan lambobi amfani.

Bayan ya iya, a cakuɗa masa tambayoyi masu aro da marasa aro, in ba haka ba zai fara aro har a 78 − 35. Guda biyar ko shida sun isa zama ɗaya, amma kowace ya duba ta da tarawa: 34 da 28 su mai da shi 62. In ya tara 46 da 28 ya ga 74, shi da kansa zai koma neman inda ya kauce.