Godiya bayan sutanans ɗina

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi, ranar Asabar na yi sutanans na memwar ɗina, wato na kare kundin kammala karatuna, kuma malamai sun amince, ni ina kwance a ɗakina a unguwar Talladje ta Yamai su suna can saman bene a lakkol ɗinmu. Waɗanda suka san ni sun san tun hatsarin kabu-kabu da ya taɓa min laka ko keken guragu ma ban iya daɗewa a kai, balle a ce a cicciɓe ni a hau bene da ni.

Godiya ta farko abokan karatuna ne da suka haɗa min robo, wato mutum-mutumin da ya tsaya a madadina gaban malamai. Tablet suka ɗaura a kan bututun ƙarfe daidai tsayin mutum, a ƙasa tayoyi da injin goge gilashin mota guda biyu da batirin babur, ni kuma daga gado ina tuƙa shi da wayata ta intanet. Baba mai walda na kasuwar Katako da ya ƙi karɓar ko dala, Allah ya albarkaci zuri'a.

Wasu sun ce ai kiran bidiyo na WhatsApp ma ya isa. Wallahi ba ɗaya ba ne. A kiran bidiyo sai inda mai riƙe da waya ya juya ka, in hannunsa ya gaji ya jingine ka kan tebur ka yi ta kallon rufin ɗaki, amma da wannan in malami ya jefo tambaya ni da kaina nake juyawa in fuskance shi, in matsa gaban allo, da aka tashi ma har baranda na bi mutane ana ta gaisawa ana dariya. A Tokyo tun 2021 akwai gidan shan kofi inda masu naƙasa da ba su iya fita ke tarbar baƙi daga gida da robon OriHime, daga nan abokaina suka samo dabarar suka ce su ma za su gwada.

Ƙanwata da ta tsaya bakin taga da waya ta biyu saboda rezo, maƙwabcinmu da ya tada grup ɗinshi, wato janareta, sa'ad da kuran ya ɗauke ana tsakar tambayoyi, Inna da ba ta ajiye carbi ba har aka gama, malaman da suka yarda da tsarin nan ba musu, Allah ya saka da alheri.

Af, shi ma robon fa ba ya hawa bene, samari biyu ne suka ɗauke shi sama, don haka maganar a yi wa masu keke hanyar gangare tana nan, ba mu janye ba.

Yanzu yana hannun abokaina. In akwai ɗalibin da ke kwance kuma yana buƙatarsa a Yamai, a turo min saƙo.