Lahadi a lab, ni da ƙwayoyin wani dattijo

Yau Lahadi amma ni ba hutu, ƙwayoyin halittar jikin mutum da nake reno a lab (ɗakin gwaje-gwaje) ba ruwansu da wikend. Bayan asuba na ɗan kishingiɗa, wajen tara na kama hanya cikin sanyin nan na Turai mai shiga ƙashi. Ginin shiru, daga ni sai mai gadi. Aikin dai na kullum ne, in zuƙe tsohon ruwan abincinsu da ya fara komawa ruwan ɗorawa, in zuba sabo mai jaja-jaja, in mayar da su inkubeta su ci gaba da shan ɗuminsu a digiri 37.

Waɗanda nake reno yanzu na wani dattijo ne mai cutar Parkinson, ban san shi ba, lamba kawai ke jikin robar. Ɗan yankin fatarsa aka ɗiba aka mayar da ƙwayoyin baya suka zama irin waɗanda za su iya rikiɗa su zama kowace ƙwaya ta jiki, su ake kira iPS. Shinya Yamanaka na Kyoto ne ya fara haka a ɓera a 2006, da ƙwayoyin gado huɗu kacal, a 2007 ya yi da na mutum, 2012 ya karɓi Nobel tare da John Gurdon. Mu kuma namu shi ne mu lallaɓa su makonni su zama ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu fitar da sinadarin dopamine mai taimaka wa motsin jiki, irin waɗanda ke mutuwa a mai Parkinson har hannu ya kama karkarwa, tafiya ta yi nauyi. Ai ba wanda zai yarda a buɗe masa kai a ɗebo su da ransa, shi ya sa ake wannan zagaye.

Da na leƙa maikiroskop wallahi sai da na daɗe a tsaye, sun miƙa siraran zare suna kama juna kamar saƙar gizo-gizo, lafiya lau abinsu. Kuma nan ne abin ke damuna. Mutumin tsoho ne, cutar ta tsufa ce, amma mayar da ƙwayar baya yana goge mata shekaru, abin da ke gabana ƙwaya ce jaririya wadda ba ta san wahalar duniya ba, to ta ina zan ga ciwon da ya ɗauki shekara sittin kafin ya fito? A 2013 lab ɗin Lorenz Studer a New York sun gwada cusa musu progerin, furotin ɗin cutar nan da ke sa yara tsufa da wuri, don su tsufa da ƙarfin tsiya. Wasu a cibiyar bincike ta Salk da ke Amurka a 2015 suka nuna in ka juya ƙwayar fata kai tsaye ta zama ta ƙwaƙwalwa ba ka bi ta iPS ba, alamun tsufanta na nan. Ni dai wannan ta biyun ta fi kwanta min a rai, illa ba ka samun ƙwayoyi da yawa.

Da la'asar Umma ta kira, bayan gaisuwa sai ta ce hannun Kawu ya ƙara rawa, ko shayi sai an riƙe masa kofi. "Kai da kake can kana karatun abin, ba a samo maganin ba ne?" Na ce Umma da sauran tafiya. A Japan sun fara dasa wa masu cutar irin waɗannan ƙwayoyin a ƙwaƙwalwa tun 2018, mutum bakwai ne, sakamakon da ya fito 2025 ya nuna ba su yi illa mai tsanani ba, amma gwaji ne ba abin da za a saya a kemis ba. Na roƙe ta a kai shi wajen likitan jijiyoyi, akwai maganin levodopa da ke rage alamun sosai, a daina cewa iska ce ta taɓa shi.

Bayan mun ajiye waya na tuna binciken 2023 da aka yi da marasa lafiya 'yan Najeriya, Farfesa Njideka Okubadejo ta jami'ar Legas na cikin jagororinsa, inda aka gano wani canji a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara haɗarin Parkinson a mutanen da asalinsu Afirka ne. Mu kuwa firizarmu kusan duk ƙwayoyin Turawa ne. Gobe in sha Allah zan tunkari oga da maganar samo na 'yan Afirka, na san dai kuɗi zai fara kawo min.