Ruwa Ya Ci Motata, Hukuncin Kotu Kuma Yana Nan

Daren da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, wayewar garin Talata 10 ga Satumba 2024, motata tana ajiye a ƙofar gida a unguwar Gwange da ke Maiduguri. Da ruwa ya janye na koma na tarar da laka ta cika ta har kan kujeru, takardun da ke cikin aljihun gaba kuwa sun manne da juna kamar tuwo. Makanikina ya gargaɗe ni kada in kuskura in tayar da ita, domin idan ruwa ya shiga inji aka murɗa makulli, sai dai a nemi wani injin.

Da wannan motar nake ɗaukar fasinja bayan na tashi daga aiki, kuma daga abin da take kawowa nake biyan kuɗin ciyar da 'ya'yana biyu, wanda kotun shari'a ta yanka mini duk wata bayan rabuwata da mahaifiyarsu. Inshorar da nake da ita, ta naira 15,000 a shekara, ɓarnar da na yi wa wani kawai take biya, babu ruwanta da ambaliya.

Abokai sun ba ni shawarar in yi shiru, wai duk garin ya san halin da ake ciki. Ban karɓa ba, domin hukunci ba ya dakatawa da kansa, kuma yaran da aka yanka kuɗin dominsu su ma ruwan ya kore su daga gida. Na fi jin nauyin a ce sai da sammaci aka tuna mini abincinsu.

Saboda haka, kafin ƙarshen wata na je wurin magatakarda da hotunan motar da takardar ƙiyasin gyara, na roƙi a sa mana rana. A gaban alƙali na ce: "Allah ya gafarta Malam, ba guje wa haƙƙin 'ya'yana na zo yi ba, sassauci nake nema zuwa lokacin da motar za ta tashi." Ya tambayi mahaifiyarsu, ta yi jim, sannan ta amince in riƙa biyan rabi na wata uku, a tara ragowar bashi a kaina. Aka rubuta, muka sa hannu.

Na sayar da agogona da wata babbar riga na biya rabin farko. Rasidin yana cikin leda a saman kabad, inda ruwa bai kai ba.