Daga Chicago zuwa Indianapolis, wurin 'yan badujalar Amurka

Ɗan yayata da ke zaune a Chicago ne ya matsa mini sai na je na ga gasar badujala ta DCI (Drum Corps International, hukumar gasar ƙungiyoyin matasa masu ganga da busa), wadda ake kammalawa duk watan Agusta a Indianapolis. Shi kansa ya taɓa busa bigila a wata ƙungiya kafin shekaru su kore shi, don a harkar ba a wuce 22. Ranar Juma'a da sassafe muka ɗauki hanyar I-65, tafiyar awa 3, ba abin kallo sai gonakin masara da dogayen fankokin lantarki.

Tun 2009 a filin Lucas Oil ake wasan ƙarshe, amma bai kai ni can kai tsaye ba. Ya ce, "Kawu, asalin kallon a waje yake." Muka nufi Military Park, inda ƙungiyoyi ke ɗumama hannu kafin a kira su. Masu ƙananan ganguna sun jeru, sandunansu na tashi da sauka kamar hannu ɗaya ke riƙe da su. Can gefe masu busa sun yi rabin da'ira, malaminsu a tsakiya. Wani dattijo riƙe da lemo ya zo zai yanke ta tsakaninsu don ya rage hanya. Ko ƙafa biyu bai ɗaga ba wata mata ta tare shi, ta nuna masa ya zagaya, shi ma bai yi musu ba. Ba a ratsa sahu, ko a tsaye suke ko a tafe. Ba littafin da aka rubuta haka, amma kowa ya sani.

Tufafin wasan ma da nasu ladabin. A ƙungiyoyi da dama, in ka sa su ba gudu, ba ciye-ciye, ba a bari su taɓa ƙasa. Masu hula mai gashin tsuntsu ba sa kama gashin sai da safar hannu. Wannan kam na ga dalilinsa, maiƙon hannu na ɓata shi. Wanda ban ga dalilinsa ba shi ne na yaron nawa: wai duk bazarar da ya yi, takalmin hagu yake fara ɗaurewa, kuma akwai tsumman da yake ɗaurawa a hannu wanda bai taɓa wankewa ba, tun daren da suka samu maki mai kyau da shi. Na ce to, ashe camfi ba sai a gida ba. Ya yi dariya, amma bai ce ƙarya ba ne.

A cikin fili, da 'yan ƙungiyar Bluecoats na garin Canton a jihar Ohio suka shigo, sai jama'a suka ɗauki "Buluuu!" Baƙo zai ɗauka korarsu ake yi, alhali gaisuwar masoya ce. Da aka tashi wasan kusa da na ƙarshe, aka fito da waɗanda shekarunsu suka cika domin bankwana. Da yawa suka tuɓe takalma suka bari a kan ciyawa, suka fita da safa, ƙattin samari na kuka ba kunya.

Ƙungiyoyi 12 ne kaɗai ke kai wa wasan ƙarshe na ranar Asabar. Muna fita na ga motocin safa a jere, za su kwashe yaran zuwa makarantun da suke kwana a ƙasa cikin zaurukan wasanni. A motocin ma da tsari: tsofaffin hannu ke fara zaɓar kujera, sabon shiga ya ɗauki abin da ya rage.

A hanyar masauki ya dinga ba ni labarin ƙungiyar Cadets, wadda aka kafa a 1934 a Garfield ta jihar New Jersey. Kusan kowa da ƙafar hagu yake fara taku, su da dama suke farawa. Ƙungiyar ta rushe a 2024, amma ya ce har yau in ya haɗu da tsohon ɗan Cadets sai sun yi gardamar ƙafa.