Ƙafa nawa ce fuskar gidanka?

Ranar Litinin bayan la'asar na ɗauki tef ɗin awo na fita ƙofar gida. Uwargida ta leƙo ta taga, ta ce ko sayar da gidan zan yi ba ta sani ba. Na ce mata so nake in san bashin da ke tafe. Daga shingen maƙwabcin dama zuwa na hagu, ƙafa 50 cif. Na rubuta a bayan takardar da majalisar ƙauye ta aiko mana, na cusa a aljihu, na nufi zaman ƙarfe bakwai.

Ƙauyenmu yana arewa maso yammacin jihar Ohio a Amurka, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga birnin Toledo. A dokar jihar, duk garin da mutanensa ba su kai 5,000 ba sunansa ƙauye, ko da yana da banki da gidan mai. Muna da magajin gari da kansiloli shida, kowannensu da sana'arsa da rana. Yawanci ba mai zuwa zamansu. A ranar kuwa sai da aka aro kujeru daga 'yan kwana-kwana.

Abin da ya tara mu, in faɗa ba tare da kwana-kwana ba, shi ne kashi. Ba mu da bututun da ke kwashe ƙazanta zuwa matata. Kowane gida da sokawensa, kamar dai yadda na baro a gidanmu na Zariya. Sai dai ƙasar nan laka ce mai danƙo. Da can wani ƙaton dausayi ne da ake kira Great Black Swamp, aka janye ruwansa a ƙarni na 19 aka mayar da shi gonaki, kuma har yau ƙasar ba ta yarda ta sha ruwa ba. In ƙanƙara ta narke a watan Maris, ka bi ta lambatun bayan layinmu, hancinka zai ba ka labari. Wannan ruwan rafi yake bi ya faɗa kogin Maumee, daga nan sai tafkin Erie. Mutanen nan ba su manta watan Agusta na 2014 ba, lokacin da gansakuka mai guba ta hana mutane fiye da 400,000 a Toledo da kewaye shan ruwan famfo har kusan kwana uku. Takin gonaki ne ke da babban laifi, amma hukumar muhalli ta jiha ta sa wa tsofaffin sokawe ido tun tuni.

Don haka kusan ba wanda ya ce kada a shimfiɗa bututu. Rigimar tana wajen rabon kuɗi. Doka ta ba majalisa hanya uku: a raba gwargwadon darajar gida a littafin haraji, ko gwargwadon amfanin da kowane gida zai samu, ko gwargwadon faɗin filinka ta bakin titi, ƙafa-ƙafa. Kansilolinmu ta uku suka ɗauko. Injiniya ya miƙe da taswirarsa ya ce in filinka ya fi faɗi, bututun da za a binne a gabanka ya fi tsawo, saboda haka kai za ka fi biya. Maganar tana da daɗin ji, musamman ga mai ƙafa 50 irina.

Sai tsohuwar da ke tsallaken titinmu ta tashi, wadda yarana ke kira Kaka. Gidanta a kan kwana yake, titi biyu sun sa shi a tsakiya, in aka haɗa ya kusa ninka nawa uku. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse, fansho take ci. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita kaɗai ce a gidan, banɗakinta ɗaya, wanki sau ɗaya a mako, tana so a gaya mata abin da ciyawar gefen gidanta za ta zuba a bututu. Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Wani kuma ya buga tebur, ya ce shekara biyu ke nan da ya canza sokawensa da bashin banki, yanzu a ce ya cike shi da yashi ya sake biyan wani.

Lauyan majalisa ya yi ta lallashi. Ya ce doka ta hana a ɗora wa gida fiye da kashi ɗaya cikin uku na darajarsa. Ƙauyen da kansa zai ɗauki aƙalla kashi 2 cikin 100 da kuɗin mararrabar tituna. Za a nemi rancen ma'aikatar gona ta tarayya, wanda ake iya biya har shekara 40. Wanda bai yarda da kasonsa ba yana da mako biyu ya rubuta ƙorafi, mutum uku da ba su da hannu a ciki su saurare shi. Abin da bai jaddada ba shi ne kuɗin a takardar harajin gida zai riƙa zuwa, kuma yana manne da gidan har a gama biya.

Ina zaune takarda na cikin aljihu, ina lissafin wani abu dabam. Mu bakwai ne a gidana. Injin wanki ba ya hutawa. Ga alwala sau biyar, ga wanke-wanken tukunyar tuwo, ga baƙin da ba sa yankewa ranar Asabar. In gaskiya ake bi, abin da gidana zai tura cikin bututun nan a rana ɗaya, Kaka sai ta yi mako ba ta tura ba. Minti uku ake ba kowa. Na miƙe gwiwata tana rawa, na faɗi adireshina, na ce ina roƙon a raba gida-gida ko gwargwadon amfani, a bar maganar ƙafa. Maƙwabcina na hagu, wanda filinsa bai kai nawa ba, ya yi mini wani kallo da har yanzu ina jin sa a ƙeya.

A doka, sai kansiloli biyar cikin shida sun yarda kafin ƙudurin ya wuce. Biyu suka ce a dawo musu da lissafin hanyoyin uku a jere, aka ɗage zaman zuwa wata mai zuwa.

Labari ya riga ni isa gida. Uwargida tana tsaye a kicin da ludayi a hannu, ta ce, "Malam, ashe da bakinka ka je ka ƙara mana bashi?" Na ce ai ba a yanke ba tukuna. Ta ce to, in an yanke, a kuɗin cefanen wa za a cire? Na ɗauki buta na shige banɗaki.