Saƙon godiya bayan dawowata daga Konya

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah, Alhamdulillah, na sauka lafiya, yanzu haka ina gida a ƙauyenmu nan ƙasar Auyo, kuma tun da na iso ɗakin Inna bai huta da masu sannu da zuwa ba, wasu ma daga Hadeja da Kafin Hausa suka yo takakkiya. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba da waɗanda suka turo saƙo ban bada amsa ba dan Allah kuyi haƙuri, wannan rubutun naku ne ku duka.

Ga wanda bai sani ba, zango ɗaya na karatu na je na yi a wata jami'a a birnin Konya na ƙasar Turkiyya, ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai na Erasmus+, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Janairu. Fannin noma nake karanta. Yadda abin yake, kana nan a matsayin ɗalibin jami'arka ta gida, kafin ka tafi za'a zauna a zaɓi kwasa-kwasan da zaka ɗauka can, kai da jami'o'in biyu kowa yasa hannu, zango guda maki 30 ne a tsarin lissafin nauyin kwasa-kwasai na Turai da suke kira ECTS, in ka dawo da sakamako sai a shigar maka dashi a nan.

Bayan Allah, Baba na fara godewa. Ni kaɗai nasan maganganun da ya sha a kaina, wai ya za'ayi ya bar ɗiya mace budurwa ta haye jirgi ta tafi wata uwa duniya ita kaɗai, har majalisar ƙofar masallaci sai da aka kai zancen. Baba bai yi musu da kowa ba. Ranar da takarda ta fito ya kira ni bayan isha'i yace ke, tarbiyyar da muka baki ita zaki tafi da ita, ita kuma zaki dawo mana da ita, ki je Allah ya tsare. Iyakar abinda ya faɗa kenan, amma wallahi duk ranar da kewar gida ta taso min a can wannan maganar nake tunawa in tashi in buɗe littafi. Allah ya ƙara girma Baba, ya barmu daku.

Inna kuwa bansan ta ina zan fara ba. Kwana tayi tana dakan yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa, ta soya ƙuli, ta ƙulle daddawa a leda cikin leda saboda kar ƙamshi ya fita a jirgi, kuma duk tana yi tana share hawaye da bakin zani tana cewa hayaƙi ne. Wannan kukar ita ta riƙe ni watan farko kafin bakina ya saba da abincinsu.

Sai maganar kuɗi, nan nakeso in ɗan tsaya, saboda mutane na ganin tunda ance tallafi ne shikenan kyauta ake ɗaukarka. Tallafin na nan, ana bada kuɗin wata da na tafiya, amma mu sai da muka sauka can muka buɗe akawun sannan kuɗin suka shigo, kenan fasfo a Dutse, zirga-zirgar Abuja neman biza, inshorar lafiya, tikitin jirgi, kayan sanyi, duk daga aljihunka zasu fara fita. Kuma kowa a yankin nan yasan tun ambaliyar 2022 da ta cinye mana shinkafa a fadama gidaje da yawa basu gama miƙewa ba, namu na ciki. Baffa ya fitar da bijiminsa ya kai kasuwar Maigatari, bai ko yi shawara da mu ba sai kuɗi muka gani. Matan unguwarmu masu adashi, ɗibar Gwaggo ce ta zo, ta ce a bani. Yaya ya jingine babur ɗinsa. Akwai wata tsohuwa mai saida ƙosai a bakin makarantar firamare da ta damƙa min 'yan canji a hannu tace in sha ruwa a hanya, wallahi har yau in na tuna sai naji ƙwalla. Kuɗin tallafi na shigowa na fara turo na mutane, wasu suka karɓa da ƙyar wasu suka rantse bazasu karɓa ba. Allah ya biya ku da abinda yafi shi, ya sa a mizani.

Malam liman da mai unguwa, nagode da addu'ar da aka yi min ranar tafiya da kuma tsayawa da kuka yi bayan Baba. Malamaina na jami'a, musamman wanda ya nuna min sanarwar ya tsaya a kaina har na cike takardu, da malamar da ta rubuta min takardar shaida cikin dare, Allah ya saka da alheri.

A can kuma, 'yan uwa ɗalibai 'yan Najeriya da na tarar su suka tarye ni a tashar jirgin ƙasa, dan daga Ankara jirgin ƙasa mai gudu na hau, bai cika awa biyu ba muka iso. Su suka raka ni neman katin izinin zama, suka koya min hawa taragon cikin gari, suka nuna min inda ake samun shinkafa da attaruhu da sauƙi. Konya gari ne na musulmi masu riƙo da addini, masallatai ko'ina, hijabina bai taɓa zama abin kallo ba, nan ne ma kabarin Maulana Jalaluddin Rumi yake, shahararren malamin sufaye kuma mawaƙi wanda ya rasu a 1273, duk 17 ga Disamba gari cika yake da baƙi saboda tunawa dashi.

Sanyi ne dai ya so ya kayar dani. Garin na kan tudu sama da mita 1,000, a Disamba ƙanƙara ta fara zuba, ni kuma da nake ganin na san hunturun Hadeja sai gani kwance da zazzaɓi da tari, ƙirji kamar an ɗora dutse. Abokiyar ɗakina Baturkiya ita ta kaini asibiti cikin dare, washegari mahaifiyarta ta taso daga ƙauyensu da tukunyar miya mai zafi da bargo, bata jin Turanci ni kuma Turkancina bai wuce gaisuwa ba, haka ta zauna bakin gado tana bani a cokali tana shafa min kai. Na ɓoye wa Inna a lokacin, sai yanzu take ji. Wannan baiwar Allah bazata iya karanta rubutun nan ba amma ina roƙon duk wanda ya karanta yasa ta a addu'a.

To me na je na gani? Konya ita ce rumbun alkamar Turkiyya, fili ne shimfiɗe iya ganinka, alhali ruwan samansu bai wuce milimita 300 da 'yan kai ba a shekara, bai ma kai namu ba. Suna shuka alkama wajen Oktoba ta kwana ƙarƙashin ƙanƙara sai tsakiyar shekara a girbe, mu kuma mu shuka a Nuwamba mu yanke kafin zafi ya tsananta. Malaminmu na ban ruwa ya kaimu wani yanki da ake kira Karapinar, nan naga abinda ya tsorata ni. Ƙasa ce take burmawa tsakiyar gona, rami zagayayye mai zurfin gaske wanda zai haɗiye gida, irinsu ɗaruruwa a yankin. Dalili shine an yi ta haƙa rijiyoyin burtsatse ana zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa dan noman masara da wata farar saiwa da suke yin sukari da ita, ga fari, ga dutsen da ke ƙasan mai narkewa ne, ruwa na ja baya sai saman ya rufta. Ina tsaye a bakin ramin nan fadamarmu kawai nake tunani, yadda kowa ke dasa tiyo ya tada inji ya malale gona da ruwa har ya kwanta, ga tsadar fetur. Ƙasarmu ba irin tasu bace, ba ina cewa zata burma ba, mu namu ciwon daban ne, ruwan da ake sakowa daga madatsun ruwan Tiga da Challawa wata shekara ya mana yawa wata ya gaza, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Amma dai naga da idona manoman da suka koma ban ruwa na ɗigo-ɗigo, siririn tiyo mai huji yana bin layin shuka, da yadda ake auna danshin ƙasa kafin a kunna inji, kuma nayi imani masu tumatir da albasa da tattasai a nan zasu iya gwada shi ko a kadada kaɗan ne.

Shiyasa nake ganin karatun nan ba nawa bane ni kaɗai, da kuɗin bijimi da na adashi aka yi shi. Na riga nayi magana da Yaya da shugaban ƙungiyar manoman rani, ranar Asabar bayan la'asar za'a haɗu a filin firamare in nuna hotuna da bidiyon da na ɗauko, Yaya kuma ya bada gefen gonarsa ta albasa mu gwada a kai. Mata kuma Lahadi da hantsi a gidanmu insha Allah.

Ƙannena 'yan jami'a da kuke ta tambayata yadda ake nema, ku riƙa leƙa ofishin da ke kula da hulɗa da ƙasashen waje a makarantarku kuna duba allon sanarwa, ku riƙe makinku da kyau, ku yi fasfo tun kafin a buɗe. Wanda yakeso in duba masa takardu ya same ni a gida ko a makaranta in an koma, iyayen da ke da shakka a kan 'ya'yansu mata kuma su zo su tambayi Baba da kansu, yace ƙofarsa a buɗe take. Nagode, nagode, Allah ya bar zumunci.