Sai mun ɗinka kafin mu zana: aikinmu na tufatar da jaruman wasannin bidiyo

Shagonmu a Kano yake, kuma sana'armu ita ce yi wa mutanen cikin wasannin bidiyo sutura: riga da wando, hula da takalmi, sulke da kwalkwali, har kayan dokin da za su hau. Masu haɗa gem sukan kawo mana labarinsu, su ce ga jarumi, ga sarauniya, ga maƙeri, ga fatake, mu kuma mu fitar da abin da kowannensu zai sa, a siffar da za a iya juya ta ta kowane gefe, ta motsa in ya yi gudu, ta kaɗa in iska ta taso. A gefe guda na shagon kwamfutoci ne da allunan zane. A ɗaya gefen kuwa keken ɗinki ne da basilla da buhun audugar rimi da fatun akuya a rataye. Ƙa'idarmu guda ce tun da muka buɗe: ba ma zana tufar da ba mu taɓa riƙe irinta a hannu ba. In babu ita a kasuwa, mu ɗinka ta.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a yawancin wasannin nan na dodanni da matsafa da mayaƙan dawaki shi ne launi. Za ka shiga birni guda a cikin gem, tun daga mai gadin ƙofa har mai gasa burodi kowa sanye da ruwan ƙasa ko ruwan toka ko baƙi. Masu yin suna ganin hakan ne ke nuna tsufa da gaskiya. Tarihi bai ce haka ba. Turawan zamanin da wasannin nan ke kwaikwayo, daga wajen shekara ta 1100 zuwa 1500, masu son launi ne ƙwarai da gaske. Suna da wata saiwa mai ba da ja, da wata ciyawa mai ba da rawaya, da wani ganye dangin kabeji mai ba da shuɗi, wanda cinikinsa ya azurta garuruwa irin su Tulus a Faransa da Erfurt a Jamus. In suna son kore sai su tsoma zane a shuɗi, sannan su mayar da shi cikin rawaya. Talaka ma yana sa mai launi, sai dai nasa ya fi saurin koɗewa. Jan da ya fi kowanne tsada daga jikin wasu ƙananan ƙwari masu manne wa itace ake samunsa, shi ne na sarakuna da manyan coci. Ado ya yi yawa har sai da aka kafa doka a Ingila a 1363 mai fayyace irin tufar da kowane rukuni na jama'a zai sa. Shi kuwa baƙi wuluk ɗin nan da ake jibga wa kowane ɓarawo a gem, yana cikin launuka masu wuyar samu, sai an yi ta maimaita rini, shi ya sa a ƙarni na 15 ya zama adon manya a fadar Burgundi.

Da na fara karanta waɗannan abubuwa ban yi mamaki ba, domin a garin rini na tashi. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, tana nan tana aiki. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi ya san yadda ake haɗa baba da toka a bari su ruɓa, ya ga yadda zane ke fitowa daga ramin yana kore-kore, iska na bugunsa yana juyewa shuɗi a gaban idonka. Sinadarin da ke cikin babanmu shi ne dai ke cikin wancan ganye na Turawa, sai dai namu ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. To a ce mutanen da suka san wannan sirri za su yarda su ƙare rayuwarsu cikin ruwan ƙasa?

Aikin da ya fi ba mu wahala, kuma na fi alfahari da shi, shi ne ƙyallin ɗan Kura. Rawani ne da aka rina har ya ƙoshi, aka kai shi mabuga, aka barbaɗa masa shuni aka yi ta dukansa a kan gungume har ya ɗauki sheƙi. Sheƙin nan ba irin na alharini ba ne, ba kuma irin na ƙarfe ba. A inuwa za ka rantse baƙi ne, in rana ta sauka a kan lanƙwasarsa sai ka ga wani ja-ja mai kama da tagulla yana yawo a saman shuɗin. Babu wani shiryayyen launi a kwamfuta da ke ba da wannan. Sai da muka sayo na gaske, muka fita da shi da hantsi da azahar da la'asar sakaliya muna ɗaukar hoto, sannan muka gina launin hawa-hawa a cikin manhajar zane ta Blender har ya amsa haske yadda ya kamata. Muka kuma sa ɗan shuɗi a goshi da kumatun mai sanye da shi, don shuni yana zuba a jiki, kamar yadda kowa ke gani a fuskokin Buzaye. Bayan aikin ya fita ba da daɗewa ba, sai ga hotunansa a shafin wasu masu kwaikwayo, sun ɗora sunansu a kai. Da aka ba su aiki a kan haka, abin da suka miƙa rawani ne shuɗi mai ƙyallin leda.

Hannuna a wajen kawuna ya faɗa. Baduku ne, kayan doki yake yi, kuma in sallah ta gabato gidansa ba ya rabo da 'yan lifidi masu kawo gyara. Ni ne mai cusa audugar rimi. Za a ɗinka ƙyalle biyu layi-layi, a bar hanyoyi a tsakani, ni kuma in riƙa tura audugar da tsinke har ta cika ta yi tauri. Shi zai zo ya danna da babban yatsa, in ya ji wurin ya loɓa sai ya ce, "Kai ɗan nan, ƙara cusawa. Wannan rigar ran mutum aka yi ta ta tsare." A nan na ga yadda ake yanka ƙyallaye ja da rawaya da shuɗi a harhaɗa su a saman lifidi, domin mayaƙi yana so a hango shi daga nesa a san ko wane ne. A nan kuma na san fata: yadda majema ke jeme ta da bagaruwa, yadda karan dafi ke ba ta ja, gangamau ya ba ta rawaya. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun 'yan kasuwar Maroko suka laƙaba mata sunan can. Saboda haka ko fatar da ke jikin jarumin gem ba dole ba ne ta zama ruwan ƙasa.

Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke a ƙasar Hausa. Ina yawan tuna wannan in na kunna Kingdom Come: Deliverance, wasan da wani kamfani na birnin Prag ya fitar a 2018, wanda labarinsa ya faru a ƙasar Bohemiya a 1403, wato Kanajeji na kan gado ke nan. Masu wasan sun yi abin da ya dace: mayaƙi yana fara sa riga mai cushe, sannan sulke, sannan faranten ƙarfe, sannan riga mai launi a sama. Rigar cushen nan tasu da lifidinmu dabara ɗaya ce, su da lilin da ulu, mu da auduga da rimi. Ita ce kariyar yawancin mayaƙa marasa hali, domin ƙarfe na masu kuɗi ne. Wanda ya taɓa sa sulke ya san ba a ɗora shi a kan tsurar fata. Yana hana kaifi yanka, amma ba ya hana nauyin sara karya ƙashi, cushen da ke ƙasa ne ke shanye wannan.

Sulke kuwa zobba ne, kowane ɗaya ya ratsa ta cikin huɗu, kuma a na ƙwarai akan kafe bakin zoben da 'yar mitsitsiyar ƙusa don kada ya buɗe. Mun taɓa ba wani maƙeri aikin zobba don mu haɗa hannun riga guda na gwaji, ya yi ta yi mana gobe-jibi, da ya tashi kawowa sai ga su an matse bakinsu kawai babu ƙusa, ja ɗaya suka wage. Wani dattijo ne a ƙarshe ya yi mana yadda ake so. Da muka sa wa ɗaya daga cikin yaranmu, muka ɗaura masa ɗamara, sai muka ga abin da hoto ba zai taɓa koya mana ba: sulke yana zubowa ya taru a saman ɗamara ya yi tumbi, domin ɗamarar ce ke raba nauyin tsakanin kafaɗa da ƙugu. Tun daga ranar duk sulken da ya fita daga shagonmu yana da wannan tumbin. Na masu kwaikwayo kuwa hoton zobba ne aka shafa a jikin singileti.

Cikakkiyar rigar faranten ƙarfe sai a ƙarni na 15 ta kai ƙarshen kyanta, a hannun maƙeran Milan da Augsburg da Nuremberg. Nauyinta bai cika wuce kilo 20 zuwa 25 ba, kuma a rarrabe yake a duk jiki, mai ita yana gudu, yana hawa doki da kansa. An ƙera ta da santsi da lanƙwasa ne don tsinin mashi ya zame ya wuce. To ka dubi abin da ake yi a gem: kafaɗu manya-manya masu ƙahoni da za su soki kan mai su in ya ɗaga hannu, ramuka da ƙugiyoyi da za su kama makamin abokin gaba su kai shi inda ake gudu, mata mayaƙa kuma a bar musu ciki da cinya a waje. Ga doguwar takobi a goye a baya, wadda hannun ɗan Adam ba zai iya zare ta daga kube ba. Akwai kuma rigar fatar nan mai ƙusoshi da ta cika wasanni. Asalinta kuskuren kallo ne. A tsofaffin zane-zane ana ganin kawunan ƙusoshi a jikin riga, sai aka ɗauka ado ne, alhali faranten ƙarfe suke riƙe da su daga ciki. An tono irin waɗannan riguna a Visby, a tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin, a kaburburan waɗanda suka mutu a yaƙin 1361, ƙarafunan na nan jere.

Ba wai ina faɗa da ƙirƙira ba ne. Mun yi wa aljani riga, mun yi wa sarauniyar ruwa alkyabba, mun yi sulke daga ɓawon jikin dodo. Wasan tatsuniya ne, kowa ya sani. Abin da nake nema shi ne a tambayi kai: ta ina mai rigar nan ya shige ta, ina maɗauranta, wa ya rina ta kuma da me, in ya zauna a sirdi ina za ta naɗe? Manhajar Marvelous Designer da muke amfani da ita ma da yankan tela take aiki, sai ka fitar da gaba da baya da hannu ka haɗa ɗinki kafin rigar ta hau jiki. Wanda bai san yankan babbar riga ba, ba zai san dalilin da ya sa take tattaruwa a kafaɗa ba.

Wannan ne masu kwaikwayo ba sa yi, kuma shi ke ɓata mana kasuwa. Su sauko da shiryayyen sulke daga intanet, su sauya masa launi, su ce sun gama cikin kwana biyu a kan kuɗin da ko fatar gwaji ba zai saya mana ba. Wani mai ba da aiki ya zo mana da irin wannan farashi a bakinsa, yana cewa ai duk zane ne. Na ce masa, "Yallaɓai, ɗaga wannan lifidin tukuna." Ya ɗaga, ya juya shi, ya shafa layukan ɗinkin, ya tambayi wa ya yi. Na ce mu. Ya tafi dai wajen masu arahar, domin ciniki ya fi ƙarfinsa, amma araha ba ta ado. Da masu buga wasan suka fara ƙorafi cewa sarkin yaƙinsa da ɗan dakonsa ba a bambance su, nan ya dawo.

A 2021 da aka ƙara Hausawa a cikin wasan yaƙi na Age of Empires III, har da mahayi mai lifidi a rundunarsu, yaran shagonmu sun yi murna ba kaɗan ba, ni ma haka. Amma na ce musu mu da ke ganin 'yan lifidi da 'yan sulke da idonmu duk hawan sallah, mu da Gidan Makama ke kusa da mu, mu ya fi cancanta mu fitar da irin wannan, har da saƙi da tsamiya da aska takwas da gashin jimina a kan kwalkwali.

Aikin da ke gabanmu yanzu lifidin doki ne na wani wasan yaƙi. Matsalarsa motsi ce: cushe mai nauyi ba ya kaɗawa irin na zane, yakan ɗan makara a bayan dokin, in doki ya ja birki sai ya zabura gaba ya dawo ya daki ƙirjinsa. Mun riga mun ɗinka rabin na gwaji, wani mai doki a unguwarmu ya yarda ya ara mana angarmarsa mu ɗauki bidiyon sukuwa, sauran kuma za mu cike a Hawan Daushe mai zuwa in Allah ya kai mu.